Tsatsar da ke cin inji daga ciki: daga durom ɗin mai niƙa a Herwagana zuwa manyan masana'antu

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Herwagana, ko a wata tsohuwar unguwa ta cikin garin Gombe, ya san yadda shagon mai inji yake. Ga ƙarar injin dizal mai silinda ɗaya, ga bel yana kaɗawa, ga ƙurar gari ta lulluɓe bango da gashin idon yaron shago. A gefe guda kuma akwai durom cike da ruwa, an haɗa shi da inji da tiyo biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ruwan da ya yi zafi a jikin inji yakan tashi ya bi tiyon sama ya zuba a durom, mai sanyi kuma ya sauka ta na ƙasa ya koma. Haka yake zagayawa tun safe har a tashi, babu famfo babu wuta.

A leƙa cikin durom ɗin. Ruwan da aka sayo garau daga hannun mai kura, bayan 'yan kwanaki sai ka tarar ya koma ja kamar an jiƙa jar ƙasa, ga wani laka mai laushi kwance a gindi, ga farin ɓawo ya zagaye bakin tiyo. Mai inji ba ya damuwa da wannan, don a wurinsa ruwa ne kawai ya yi datti. Alhali jan nan da ake gani naman injin ne da kansa yake narkewa. Ranar da kan silinda ya tsage, ko ruwa ya haɗu da mai, sai a ce ƙarfen yanzu ba shi da ƙwari. Sau da yawa ba laifin ƙarfe ba ne, ruwan da ake ba shi ne.

Abin da ke faruwa a wannan durom shi ne dai ke faruwa a lagireton babbar mota, da janaretan otal, da wurin masu yin ƙanƙara, da injinan matsar man gyaɗa da casar shinkafa waɗanda Gombe ta yi suna a kansu. Shi ne kuma ke hana injiniyoyin manyan masana'antu barci. Kamfanin siminti irin na Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye, wanda ya fara aiki a 1979 kuma yake ƙona kwal ɗin Maiganga, ba zai yi tafiya ba sai da ruwan da ke sanyaya man giya da injinan matsa iska. Haka tashar wutar lantarki ta Dadin Kowa mai ƙarfin megawat 40, haka matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Bambancin kawai, manyan suna da ɗakin gwaji da mutanen da aikinsu ke nan, mai niƙa kuwa daga shi sai Allah.

A 2016 ƙungiyar NACE ta masana tsatsa da ke Amurka ta fitar da wani ƙiyasi cewa tsatsa na jawo wa duniya asarar kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kashi 3.4 cikin 100 na dukiyar da duniya ke samarwa. Ta kuma ce da za a yi amfani da dabarun da aka riga aka sani, da an tsirar da kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na wannan asara. Ba sabon ilimi ake jira ba ke nan. Wanda ake da shi ne bai kai ga masu buƙatarsa ba.

Yadda ruwa ke cin ƙarfe

Ƙarfe asalinsa dutse ne, wato tama, kamar yadda maƙeranmu na da suka sani tun suna narka ta da gawayi. Wuta ce ke raba shi da iskar oksijin, kuma muddin ya samu dama sai ya koma ya haɗu da ita. Ruwa shi ne ke ba shi wannan dama. A saman ƙarfen da ke cikin ruwa, wani ɗan wuri yakan riƙa narkewa yana sakin lantarki, wani wurin kuma kusa da shi yana karɓar lantarkin yana miƙa wa oksijin ɗin da ke narke a ruwa. Ƙaramin batir ne ya kafu, dubbai a faɗin tafin hannu. Gishirin da ke cikin ruwan shi ke sauƙaƙa wa lantarkin hanya, zafi kuma ya ƙara wa aikin sauri. Idan aka haɗa ƙarafa iri biyu a layi ɗaya, misali jan ƙarfe da goran ruwa, sai mai raunin ya riƙa cinyewa da gaggawa, ɗayan yana nan lafiya lau.

A manyan masana'antu ruwan da ya ɗauko zafi ana hawar da shi kan wata hasumiya, a watsa shi ya sauko kamar ruwan sama, manyan fankoki suna hura masa iska. Kaɗan daga cikinsa ya tashi ya zama tururi, sauran ya huce ya koma aiki. Ƙa'idar da injiniyoyi ke riƙe da ita ita ce, kusan kashi 1 cikin 100 na ruwan ke tashi duk lokacin da aka sauke zafinsa da digiri 5 zuwa 6. To a nan matsalar take. Ruwa ne zalla ke tashi, gishirinsa yana nan. Ana ƙara sabo, shi ma ya bar nasa. Ba a jimawa sai gishirin da ke cikin ruwan ya ninka na asali sau uku, sau biyar, ko fiye. Ga shi hasumiyar kullum cika ruwan take da sabon oksijin, kuma duk ƙurar da iska ta ɗauko a cikinsa take ƙarewa. Mu da muke da hazo na watanni da zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40, abin ya fi yi mana nauyi a kan ƙasashen da aka ƙera injinan.

Tsatsa kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Akwai farin ɓawon nan na sinadarin kalshiyam, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Shi wannan yana da wata ɗabi'a ta daban da sukari ko gishirin miya: ruwa na ƙara zafi, shi yana ƙara fita daga cikinsa, saboda haka a daidai wurin da ya fi zafi, inda aka fi buƙatar sanyi, nan yake mannewa. Sai kuma gansakuka da ƙwayoyin halitta masu yin yauƙi a jikin bututu. Ukun nan taimakon juna suke yi. Ɓawo ya rufe ƙarfe, tsatsa ta ɓuya a ƙarƙashinsa tana huda, ƙwayoyin su samu mafaka a cikin lakar tsatsa, wasunsu ma su riƙa fitar da sinadarin da ke ƙara cin ƙarfen. Wanda ya yi maganin ɗaya ya bar biyu bai yi komai ba.

Ruwan Gombe kuwa ba iri ɗaya ba ne. Na famfo da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola ruwan kogi ne da aka tace. Na rijiyar burtsatse ya danganta da dutsen da aka huda. Ƙasar jihar akwai yashi mai ɗauke da tama, akwai kuma shimfiɗar dutsen farar ƙasa da jifsam a wasu sassan, wanda shi ne ma dalilin kafa kamfanin siminti a Ashaka. Rijiya biyu a gari ɗaya, wata ruwanta ya yi ja in ya kwana, wata sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wata kuma zartsi. Mai kura ba ya gaya maka daga wacce ya ɗebo yau.

Magungunan da aikinsu

Sinadaran hana tsatsa ba su cire oksijin ko gishiri daga ruwa. Abin da suke yi shi ne shimfiɗa wata fata siririya, wadda ido ba ya gani, tsakanin ƙarfe da ruwa. Wasu suna toshe wurin da ƙarfe ke narkewa, kamar naitarait da molibdet da wani nau'in fosfet. Wasu suna toshe wurin da oksijin ke karɓar lantarki, kamar gishirin tutiya da dogon fosfet. Akwai dangin fosfonet da ke hana ɓawo taruwa kuma su taimaka wajen tsatsa. Jan ƙarfe da tagulla suna da nasu na musamman, benzotirayazol da tolitirayazol, waɗanda ke manne wa saman ƙarfen kai tsaye. Yawanci gauraya ake yi, a haɗa da maganin kashe ƙwayoyi kamar kulorin. A hasumiya abin da ake zubawa ɗan kaɗan ne, 'yan miligiram a kowace lita. A rufaffen layi kuwa, inda ruwa ba ya haɗuwa da iska, naitarait kan kai ɗaruruwan miligiram har sama da dubu a lita.

Akwai wani abu guda da ya kamata kowane mai masana'anta ya riƙe, domin nan ne tsimi ke zama asara. Magungunan da ke toshe wurin narkewa, idan aka zuba su ƙasa da kima, gara ma ba a zuba ba. Fatar za ta rufe kusan ko'ina ta bar 'yan ƙananan wurare a buɗe, sai duk ƙarfin cin ya tattaru a nan. Maimakon bututu ya riƙa sirancewa a hankali cikin shekaru, sai ya huje kamar an soka allura cikin watanni, alhali sauran jikinsa yana sheƙi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manajan da ya ce a riƙa zuba rabin magani don jarka ta kai wata biyu, shi ya tsaga bangon da hannunsa.

Shi ya sa aikin ba na zubawa a tafi ba ne, na awo ne. Ana auna tsamin ruwa, a auna yawan gishirinsa da ɗan ƙaramin mita mai kama da alƙalami, a auna abin da ya rage na maganin. Idan gishiri ya yi yawa a zubar da wani ɓangare a ƙara sabo. Sannan akwai wata dabara mai sauƙi da nake ganin ko ƙaramin kamfani zai iya: a samu ɗan falle na irin ƙarfen bututun, tsawon yatsa, a goge shi a auna nauyinsa, a rataye shi a hanyar ruwan. Bayan kamar kwana 90 a ciro, a wanke, a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ke gaya maka yawan abin da ruwa ke ci a shekara, fuskar fallen kuma ta nuna maka ko ci ne na bai-ɗaya ko huji. Mai sayar da magani zai iya yaba hajarsa yadda ya so, amma fallen ba ya ƙarya.

Darasin kuromet

Shekaru da dama babu maganin da ya kai kuromet aiki. Yana da araha, yana kare ƙarfe sosai, ƙwayoyin halitta ma ba su jin daɗin zama a cikinsa. Ruwan da aka zuba masa yakan koma rawaya. Illarsa ita ce nau'in kuromiyam ɗin da ke cikinsa guba ne, yana kuma jawo ciwon daji.

A garin Hinkley na jihar Kalifoniya, kamfanin PG&E yana da tashar tura iskar gas. Daga 1952 zuwa 1966 ya riƙa zuba kuromet a hasumiyoyin sanyaya ruwansa, yana kuma sakin ruwan da ya gama aiki a cikin kududdufan da ba a daɓe gindinsu ba. Ruwan ya tsotse cikin ƙasa ya isa rijiyoyin mutane. Sai bayan shekaru masu yawa maganar ta fito, aka je kotu, a 1996 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 333 ga mutane sama da 600. Labarin ne aka yi fim ɗin Erin Brockovich a kansa a 2000. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana kuromet a hasumiyoyin sanyaya gine-gine a 1990, ta hana shi a na masana'antu a 1994. Garin Hinkley dai bai farfaɗo ba, mutane da yawa sun sayar da gidajensu sun tashi.

Ba don a tsorata kowa na kawo wannan ba. Na kawo shi ne saboda yanayinmu ya fi na Hinkley haɗari. A unguwa irin Herwagana gida na jikin gida, shago na jikin gida, rijiya kuma ba ta da nisa da kwata. Duk abin da aka zubar a lambatu, da damina zai bi ruwa ya ratsa ƙofar wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 a lita, na naitarait kuma miligiram 3. A kwatanta wannan da ɗaruruwan miligiram da ke cikin rufaffen layi. Fosfet da ya maye gurbin kuromet ba guba ba ne irinsa, amma taki ne, idan ya shiga tafki sai gansakuka ta mamaye shi ta shaƙe kifi. Tutiya ma kifi ba ya jure ta. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a jarka, wanda makanikai ke kira kulant, yawancinsa akwai etilin gilaikol a ciki, mai zaƙi a baki, mai kashe ƙoda. Ɗan'uwansa ne, dayetilin gilaikol, ya gurɓata maganin haƙorin yara na My Pikin a 2008, yara 84 suka rasu a Najeriya. Bai kamata a ga irin wannan ruwa a buɗaɗɗen bokiti inda yaro ko akuya za su kai baki ba, balle a ɗura shi a gorar lemo.

Rashin maganin ma yana da nasa bala'in. A Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Mishigan ya koma shan ruwan koginsa ba tare da an zuba maganin hana tsatsa ba. A watan Oktoban shekarar kamfanin General Motors ya sanar da cewa zai daina amfani da ruwan a masana'antarsa domin yana sa sassan inji tsatsa. Jama'a kuwa aka bar su suna sha, dalma tana narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga jinin yara. Hasumiyar da ba a kula da ita kuma takan zama gidan ƙwayar lijiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani ciwon huhu a wani otal na Filadelfiya a 1976. Iskar hasumiya ce ke ɗaukar feshin ta kai wa mutanen da ke nesa.

Darbejiya, lalle da ƙaro

Wani abin alfahari da ba a cika faɗa ba shi ne, masanan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yin rubuce-rubuce a duniya kan hana tsatsa da tsirrai. Farfesa Emeka Oguzie na jami'ar fasaha ta Owerri ya gwada ruwan ganyen darbejiya da wasu tsirrai. Farfesa Saviour Umoren, wanda ya fito daga jami'ar Uyo, ya yi aiki a kan ƙaro. An gwada lalle, da shuwaka, da zogale. Dalilin da ya sa suke aiki sananne ne: sinadaran da ke cikinsu suna manne wa saman ƙarfe su rufe shi. Tanin, wanda ya cika 'ya'yan bagaruwar da majema ke jima da su, an daɗe ana zuba irinsa a tukunyar tururi a ƙasashen Turai.

Amma gaskiya ɗaya ce. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a cikin asid, a kwalbar ɗakin gwaji, na 'yan sa'o'i ko kwanaki. Wannan ya dace da aikin wanke ƙarfe da asid, bai dace da ruwan sanyaya inji ba, wanda ba shi da tsami, yana cike da iska, kuma zai yi watanni yana zagayawa da ɗumi. Ruwan ganye a irin wannan wuri abinci ne ga ƙwayoyin da ake yaƙi da su, kuma kulorin na iya lalata shi. Ganyen damina da na rani ma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa darbejiya a durom ɗin injinsa. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya gama digiri a kan tsatsa, ya rubuta cewa ganye kaza ya yi aiki, a ajiye kundin a kanta, alhali tafiyar minti kaɗan daga ajinsa akwai injin da ke ruɓewa bai taɓa leƙa ruwansa ba. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke cikin gari, duk suna da sassan kimiyya da za su iya ɗaukar wannan aiki. A ɗebo ruwan rijiyoyin unguwa-unguwa a auna, a rataya fallayen ƙarfe a duromin masu niƙa da tankunan masu matsar mai, a fito da takarda ɗaya da Hausa mai cewa ruwan wuri kaza ga halinsa, ga abin da ya dace da shi. Wannan ya fi kundi goma amfani.

Kafin nan, ƙaramin mai inji yana da abin da zai iya yi da kansa. Lagireton mota da na janareta a ba su kulant na gaske yadda kamfanin inji ya tsara, kada a gauraya iri biyu don magungunan cikinsu kan yi faɗa su zama laka, kuma a sani cewa launi ba shi ne inganci ba, akwai ruwan da rini ne kawai aka zuba masa. Manyan injinan dizal suna da wata cuta ta daban: girgizar silinda na haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa a jikin hannun silinda har su huda shi, kuma maganin da ke cikin kulant ɗin manyan motoci an yi shi ne don wannan. Ruwan leda ko na rijiya ba ya yin wannan aiki. Kada a zuba kanwa ko garin sabulu da sunan wanki a bar shi a ciki, domin suna cin goran ruwa. Mai durom ya rufe bakinsa saboda ƙura, ya riƙa zubar da lakar gindi, ya kuma nemi ruwan da sabulu ke kumfa a cikinsa da sauƙi.

Babban aikin yana gaba. Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ware hekta 1,000 a Dadin Kowa don rukunin masana'antu mai sunan Muhammadu Buhari, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Gombe da Bauchi. Duk masana'antar da za ta zauna a waɗannan wurare za ta buƙaci ruwan sanyaya inji, za ta zuba masa magani, za ta kuma zubar da wani ɓangarensa kullum. Dadin Kowa kuwa nan ne tushen ruwan shan birnin Gombe, nan ne gonakin rani da masunta suke. Mutanen Kano da ke zaune kusa da Challawa da Sharaɗa sun san abin da ruwan masana'anta ke yi wa kogi idan aka bari sai bayan an gina ake tunanin inda zai bi.

Kira na ga ma'aikatar muhalli ta jihar Gombe da hukumar NESREA ta tarayya shi ne, tun kafin a kunna inji, kowane kamfani ya rubuta sunan sinadaran da zai zuba a ruwansa, ya nuna inda zai tace abin da zai zubar, a haramta kuromet ƙarara, kuma a riƙa auna rijiyoyin maƙwabta ana bayyana wa jama'a sakamakon. Ƙungiyoyin makanikai da na masu niƙa da masu matsar mai su ma su nemi malaman kimiyya na garin nan su zo su koya wa 'ya'yansu awon ruwa. Kai kuma mai inji, gobe da safe kafin ka tayar da shi, ka buɗe murfin ka duba launin ruwan da ke ciki.